Famfas ɗin Manya da Inshorar Lafiya: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Jinya a Karkarar Kano da Jigawa

Wannan shafi na masu jinya ne: 'yar da ke kwana kusa da gadon mahaifiyarta, ɗan da ke wanke wa mahaifinsa tun da ɓarin jikinsa ya shanye, mijin da matarsa ta dawo daga haihuwa fitsari yana zubo mata. Na wanda abin ke jikinsa ne kuma, wanda har yau bai faɗa wa kowa ba. Tambaya biyu ce ta fi yawa a bakin mutane: yaya zan sayi kayan gari bai ji ba, kuma wa zai taimaka mini da kuɗin? Da ta kuɗin zan fara, don a nan aka fi ruɗewa.

Inshorar lafiya tana biyan kuɗin famfas ɗin manya?

Kada a sa rai. Tsare-tsaren gwamnati da muke da su, na tarayya da na jiha, an gina su ne a kan ganin likita, gwaje-gwaje, magungunan da ke cikin jerin da aka amince da shi, kwanciya asibiti da wasu ayyukan tiyata. Kayan da mara lafiya zai riƙa amfani da su kullum a gida, irin su famfas, ledar shimfiɗa, safar hannu da sabulu, iyali ne ke sayensu. Ko a gadon asibiti mutum yake, sau da yawa mai jinya ake turawa ya sayo. Na sa wannan a gaba ne don kada wani ya kashe kuɗin mota daga Gwaram ko Tudun Wada zuwa hedikwata yana zaton katan zai dawo da shi.

Wanda wurin aikinsa ya yi masa inshora da kamfani mai zaman kansa, sai ya duba takardar yarjejeniyarsa ko ya buga musu waya, don kowane kamfani da nasa sharaɗin.

Amma na gani a Facebook ana cewa inshora tana kawo wa mutum har gida kyauta, a kwali marar rubutu.

Tallan ƙasashen waje ne, yawanci na Amurka. Can ɗin ma ba kowa ke samu ba. Medicare, inshorar gwamnatinsu ta waɗanda suka kai shekara 65, ba ta biyan famfas. Medicaid, ta masu ƙaramin ƙarfi, ita ce ke biya a yawancin jihohinsu, bayan likita ya rubuta cewa akwai buƙata. A Ingila ma hukumar lafiyarsu takan ba wasu bayan an duba su. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ya shafi mutumin Ringim ko Bichi. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin rajista ko lambar BVN ɗinka don a riƙa aiko maka da famfas kyauta, ɗan damfara ne, ka rufe wayarka.

To idan ba ta sayen famfas, me rajistar za ta amfane mu da shi?

Nan ne gaɓar da nake so a tsaya a kai. Zubar fitsari alama ce, akwai abin da ke kawo ta, kuma da yawa daga cikin abubuwan nan suna da magani. Famfas yana tare fitsari ne kawai, ba ya tambayar daga ina. Katin inshora kuwa shi ke biyan dubawar da za ta gano dalilin.

A dattawa maza, abin da ya fi yawa shi ne kumburin furostet, wani ƙululu da ke ƙarƙashin mafitsara. Idan ya kumbura sai ya matse hanya, mafitsara ta cika ta kasa juyewa, fitsari ya riƙa ɗiga da kaɗan-kaɗan. Iyali su ga ɗiga su sayo famfas, alhali mutum cike yake, kuma in aka daɗe haka ƙoda tana iya taɓuwa. Wannan akwai ƙwayar da ake sha, akwai robar fitsari, akwai tiyata. Kano tana da asibiti guda na cututtukan mafitsara, Asibitin Abubakar Imam, ban da Asibitin Malam Aminu Kano. A Jigawa akwai Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse da asibitin tarayya na Birnin Kudu.

A mata, musamman waɗanda suka yi haihuwa da yawa, naman da ke tallafe da mafitsara yakan saki. Sai tari, atishawa, dariya ko ɗaga tulu ya sa fitsari ya kufce. Akwai motsa jiki na musamman da ma'aikaciyar jinya za ta koyar: a matse naman ƙasan kamar mai riƙe iska, a ɗan riƙe, a saki, a maimaita sau da yawa safe da rana da dare. Ba ya cin ko kwabo, amma sai an lizimce shi aƙalla wata 3 kafin a yanke hukunci a kansa.

Sai ciwon suga da ba a san da shi ba, wanda ke sa yawan fitsari har ya taɓa jijiyoyin mafitsara. Sai ciwon sanyin mafitsara, wanda ƙwayar kwana kaɗan ke kashewa. Sai bushewar ciki, don bayan gida in ya taru yana danne mafitsara. Sai wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, waɗanda likita zai iya mayar da shansu safiya. A yankunan noman rani irin su Kura da Kadawa da fadamun Haɗeja akwai tsargiya, wadda ke cin mafitsara shekara da shekaru. Wani tsohon kuma mafitsararsa ƙalau take, gwiwa ce ta ƙi, banɗaki yana can ƙuryar gida, dare ya yi duhu. Shi fo ko bokiti mai murfi kusa da gado da tocila ya fi masa famfas amfani.

Gwajin fitsari, gwajin suga, awon jini da maganin waɗannan na matakin farko suna cikin abin da kati ke ɗauka. Babbar tiyata ta danganta da tsarin da mutum yake ciki, a tambaya kafin ranar. Abin da na fi jin zafinsa shi ne gidan da ya shekara yana sayar da buhun gero don famfas, ba a taɓa auna sugan tsohuwar ba ko sau ɗaya.

Mu manoma ne, babu mai albashi a gidanmu. Ta ina za mu shiga?

Ta asibitin mazaɓarku. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu asibiti guda da ke cikin shirin. Kano tana da mazaɓu 484, Jigawa 287. A 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa daga NHIS zuwa NHIA, wadda ta ambaci waɗanda za a ɗauke wa biya: yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu ciki, tsofaffi, masu naƙasa da matalauta. Tsoho ko tsohuwar da ke kwance a gida tana cikin waɗanda aka yi shirin dominsu.

A jiha, masu yin rajistar su ne hukumomin taimakekeniyar lafiya: KSCHMA a Kano, JICHMA a Jigawa. Ka je wurin shugaban asibitin mazaɓa, wanda ake ce wa incaji, ka tambaye shi yaushe ake ɗaukar sababbi. Gurbin yana da iyaka, ba kullum ake buɗewa ba, don haka ka sanar da mai unguwa da kwamitin ci gaban mazaɓa cewa akwai mara lafiya a gidanku. Ka tanadi lambar NIN ta mara lafiyar tun da wuri. Tsofaffi da yawa ba su da ita, kuma ranar rajista ba ranar fara nemanta ba ce. Wannan rajistar ta marasa ƙarfi kyauta ce.

Wanda bai samu gurbi ba, akwai tsarin da mutum zai biya wa kansa na shekara, a hukumar jiha ko a GIFSHIP na NHIA. Ka tambayi abu uku kafin ka biya: nawa ne a shekara, yaushe katin zai fara aiki bayan biya, kuma wane asibiti za a haɗa ka da shi. Ka zaɓi wanda za ka iya kai mara lafiya a babur ko a-daidaita, ba wanda ya fi suna ba.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, ana cirar mini kuɗin lafiya. Katina zai ɗauki Baba?

Ba kai tsaye ba. A tsarin ma'aikatan tarayya katin yana ɗaukar ma'aikaci, matarsa ko mijinta, da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18, kuma ana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Iyaye sai an ƙara su da biya na daban. Ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma ya je ofishin KSCHMA ko JICHMA ya nemi yadda ake ƙara wanda ke ƙarƙashinsa. Kada ka kai Baba da sunan wani: fayil ɗin zai haɗa tarihin mutum biyu, kuma ranar da abin ya tashi kai za a tuhuma.

Ƙanwata ta yi doguwar naƙuda, tun daga nan fitsari bai tsaya ba dare da rana. Wane famfas ya fi riƙewa?

'Yar'uwa, kafin maganar famfas, a kai ta asibiti a makon nan. Abin da kika kwatanta ya yi kama da yoyon fitsari: kan jariri ya daɗe yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji har wurin ya mutu ya huje. Yankan gishiri ma yana kawo shi. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba laifinta ba ne, kuma ana gyarawa. In sabo ne kuma ramin ƙarami, wani lokaci robar fitsari kaɗai ta 'yan makonni takan sa ya rufe ba tare da tiyata ba. Wannan damar ce ake rasawa idan aka zauna ana jiran arba'in.

Yankinmu ya fi ko'ina sanin wannan aiki. Akwai cibiyar Laure a cikin Asibitin Murtala a Kano. Akwai Babban Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke kula da masu haihuwa da masu yoyon fitsari kyauta tun 2008. Akwai cibiyar ƙasa ta Babbar Ruga a Katsina, da ta Ningi a Bauchi. A 2024 NHIA ta fito da shiri na musamman da ke ɗaukar nauyin aikin yoyon fitsari ga matan da ba su da hali a cibiyoyin da aka amince da su. A nan kam inshora ta yi abin da ya fi sayen famfas nesa ba kusa ba.

Kafin ranar aiki ta yi amfani da famfas ko ƙunzugu mai tsafta, ta yawaita shan ruwa, ta riƙa wanke wurin. Ku kuma kada ku ware mata ɗaki ko kwano. Matan da suka sha wannan ciwo sukan ce gudun da 'yan'uwa suka yi musu ya fi ciwon zafi.

Mai kemis ɗin garinmu ɗan unguwarmu ne, shagonsa kuma majalisa ce. Yaya zan saya ba a yi da Inna ba?

Neman sutura ga iyaye abu ne mai kyau, ba wanda zai ga laifinka. Hanyoyin da mutane ke bi suna da yawa, ka ɗauki wadda ta dace da kai.

Mafi sauƙi ita ce ka saya a wani gari ranar kasuwa. Mai zuwa Wudil ran Juma'a, Ɗambatta ran Lahadi ko Maigatari ran Alhamis zai iya shiga kantin maganin da ba a san shi ba, ya sa kayan cikin buhu tare da sauran cefane. Kantin da ke bakin babban asibiti ma wuri ne mai kyau, don can kowa jinya ta kawo shi, ba mai kallon wani. Idan dole sai kemis ɗin garin, ka kira shi a waya ko ka same shi shi kaɗai bayan sallar Asuba, ka ce ya ƙulle maka a baƙar leda ka zo ka ɗauka. Ba sai ka faɗi na wane ne ba. "Na mara lafiya ne" ya isa. Kada dai ka aiki yaro, don yaro zai faɗi saƙon da ƙarfi a bakin shago, ya kuma ba da labari a makarantar allo.

Sari ya fi sauƙin kuɗi, ya kuma rage yawan zirga-zirga. Tun 2024 aka mayar da dillalan magani na Kano daga Sabon Gari zuwa kasuwar magani ta Dangwauro a hanyar Zariya, kuma daga birni masu kemis na ƙauye ke saro kayansu. In kana da ɗan'uwa a birni, ya saya maka katan, ya juye shi cikin buhun hatsi ya ɗinke baki, ya ba direban garinku a tasha.

Abu ɗaya zan ja kunne a kai. A ɓoye wa majalisa, kada a ɓoye wa ma'aikacin lafiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Macen da ke jin nauyin namiji ta nemi ma'aikaciya mace, haƙƙinta ne, kuma aikinsu ya hana su fitar da sirrin mara lafiya.

Saye ta intanet fa?

Yana yiwuwa. Jumia da Konga suna sayarwa, amma ba sa shiga yawancin ƙauyuka, sai dai ka zaɓi wurin karɓa a Kano ko Dutse. Akwai masu sayarwa ta WhatsApp da yawa. Ka roƙi a naɗe kayan yadda ba za a ga rubutu ba, ka haɗa kuɗin kawowa cikin lissafi, kuma kada ka tura kuɗin katan ga wanda ba wanda ya san shagonsa. Idan kaya suka iso ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa. Waɗanda ake sayarwa tsirara a ƙulle cikin leda, babu suna babu lamba, sukan zo da manne da ya mutu ko audugar da ta dunƙule, kuma ba ka san inda aka ajiye su ba.

Wane iri zan saya, kuma yaya zan san girman?

Iri biyu ne manya. Akwai mai manne a gefe, wanda ake shimfiɗawa a naɗe, na wanda ke kwance. Akwai mai kama da wando, wanda ake ja sama, na wanda ke tafiya da ƙafarsa yana iya zuwa banɗaki. Wannan na biyun ya fi tsada amma ya fi kare mutunci, dattawa sun fi karɓarsa. Mai ɗan ɗiga kawai ba ya buƙatar ko ɗaya, akwai ƙaramar audugar fitsari da ake sawa cikin ɗan kamfai. Sai shimfiɗar gado, mai yarwa ko ledar makintosh mai wankuwa.

Girman kuwa, ka ari tef ɗin tela ka auna ƙugu da kwankwaso, ka ɗauki wanda ya fi faɗi, ka gwada da lambobin da ke bayan ƙunshin. Mutane sukan sayi babba suna zaton zai fi riƙewa, sai ya saki a cinya ya riƙa zuba. Ka fara da ƙunshi ɗaya kafin ka sayi katan. Kada kuma a haɗa biyu wani kan wani, bayan na cikin leda ne, ba abin da zai wuce zuwa na wajen.

Audugar mata ba za ta yi ba? Ta fi arha.

Ga ɗigo kaɗan za ta iya rufa asiri na ɗan lokaci. Amma don jini aka yi ta, fitsari ya fi shi yawa da saurin zuba, sai ta jiƙe ta bar fata cikin laima.

Nawa zan tanada a wata, kuma yaya zan rage?

Farashi yana motsi da kasuwa, don haka da guda za ka yi lissafi. Wanda ke amfani da 3 a rana yana buƙatar 90 a wata, wato ƙunshi 9 in mai guda 10 ne. Wanda bayan gida ma ke kufce masa zai fi haka. Ga gidan da ke jiran kaka, wannan nauyi ne babba, kuma ban ga amfanin ɓoye hakan ba.

Abin da ke rage shi sosai shi ne a riƙa kai mara lafiya banɗaki ko a miƙa masa fo a kan lokaci, duk bayan awa 2 ko 3, da bayan cin abinci, da kafin barci, ba sai ya nema ba. Gidaje da yawa da rana ƙunzugun atamfa mai laushi suke sawa a kan makintosh, su ajiye famfas don dare, zuwa asibiti, Juma'a da taron biki. Wannan ba gazawa ba ce. Sharaɗinsa a canza da zarar ya jiƙe, a wanke da sabulu, a ɗauraye sosai, a shanya a rana. Ga namiji akwai wata roba da ake sawa daga waje ta zuba cikin jaka, a tambayi ma'aikacin jinya ko ta dace. Robar da ake zurawa ciki kuwa sai da dalilin likita, don tana jawo ciwon sanyi, kada a sa ta don gudun wanki kawai.

Kuma a raba nauyin. 'Yar da ke wanki da goge-goge ta riga ta biya nata kason da jikinta. 'Ya'ya mazan da ke Legas ko Abuja su san adadin ƙunshin da ake buƙata a wata, su turo ta POS kafin ya ƙare, ba sai an roƙa ba. Wanda ba shi da kowa ya je sashen walwalar marasa lafiya na babban asibiti, ko Hukumar Zakka da Hubusi a Kano, ko kwamitin zakka na masarautarsa a Jigawa ta hannun dagaci. Limamin unguwa ma yana iya haɗa mutum da mai hali ba tare da an ambaci suna a masallaci ba.

Fatar Hajiya ta yi ja tana saɓulewa. Me za mu shafa?

Laima ce da zafi. A canza da wuri, musamman bayan bayan gida, wannan ba ya jira. A wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a tsane da tsumma mai laushi ba tare da gurzawa ba, a bar wurin ya sha iska, sannan a shafa man zinc na kemis, ko basilin, ko man kaɗanya, shafi kaɗan. Ban da hoda, ban da toka, ban da turare, ban da man bilicin ko haɗe-haɗen da ba a san abin da ke ciki ba. A watannin bazara, Maris zuwa Mayu, a ninka kula.

Wanda ba ya iya juyawa da kansa a riƙa juya shi duk awa 2, a duba ƙashin gindi, kwankwaso da dunduniya. Jan da ba ya gushewa in an danna shi farkon gyambon kwanciya ne. In wurin ya fashe, ko yana wari, ko ya yi baƙi, aikin asibiti ne.

Mu rage masa ruwa don ya rage fitsari?

A'a. Fitsarin zai yi kauri, ya ƙara wari, ya ƙara cin fata da mafitsara, ga hatsarin bushewar jiki a zafinmu. Ya sha ruwansa da rana, a sassauta daga Magariba zuwa barci. Abin da ya kamata a rage shi ne shayi mai kauri, kofi, lemon kwalba da goro, don suna zaburar da mafitsara.

Baba ya ce shi ba jariri ba ne, ya ƙi sawa. Ya za mu yi?

Ka duba ta wurinsa. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana ba da umarni a gidan nan, yau jikansa yana ganin shimfiɗarsa a shanye. Kada a yi maganar gaban surukai da yara. Mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, babban ɗa, amininsa, ko ma'aikacin lafiya, ya same shi shi kaɗai. A kawo mai kama da wando, a ajiye masa inda hannunsa zai kai, a ce: "Baba, ga wandon da zai sa ka je masallaci hankalinka kwance." In zai iya sawa da kansa a fita a ba shi wuri. Idan sai an taimaka masa, matarsa ko ɗansa namiji ya fi, a sa safar hannu, a sakaya labule, a lulluɓe inda ba a wankewa. Ranar da ya ɓata shimfiɗa, a gyara a yi shiru. Tsaki ɗaya yana iya sa dattijo ya daina shan ruwa don kada ya sake wahalar da ku.

Wanda ruɗewar tsufa ta kama yana cire famfas ɗin, faɗa ba zai yi ba. A gwada kai shi banɗaki a kan lokaci, a kuma duba ko matse shi yake yi ko ƙaiƙayi.

Sallarsa fa? Ya ce ba shi da tsarki, ya daina.

Kada ya daina. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin bayani a kan wannan lalura. Wanda fitsari ke zubo masa ba da ikonsa ba, rabin lokaci ko fiye, zubar ba ta karya masa alwala, kuma Risala ta ce mustahabbi ne ya sake alwala ga kowace salla. An kuma yi rangwame a kan abin da ya taɓa jiki da tufa idan abin yana zuwa kullum. Abin da ya fi, a canza masa ya tsaftace in lokaci ya shiga, ya yi alwala ko taimama, ya yi salla yadda zai iya, a tsaye, a zaune ko a kwance. Don halin kowa daban ne, a kira malamin da ya yarda da shi ya faɗa masa da bakinsa. Sau da yawa wannan ziyarar takan dawo wa tsoho da walwalarsa.

Ina za mu zubar da wanda aka cire?

Ban da masai, don ba ya ruɓewa, zai cika ramin kafin lokacinsa. Ban da juji a fili, inda awaki da kaji za su yayyaga shi iska ta kai maƙwabta, asirin da aka rufe a kanti ya tonu a bola. Ban da takin da za a kai gona. A juye bayan gidan a masai, a naɗe famfas ɗin a ƙulle a leda, a binne a rami mai zurfi nesa da rijiya. Ƙonawa a tsakar gida hayaƙin roba ne ga yara da mara lafiyar. A wanke hannu da sabulu kowane lokaci, ko an sa safar hannu.

Wace alama ce ba a kwana da ita?

Fitsari ya ƙi fita gaba ɗaya, mara ta kumbura tana ciwo. Jini a fitsari. Zazzaɓi da ciwon kwiɓi. Tsoho ya rikice farat ɗaya ko ya daina ci da sha. Ciwon baya tare da mutuwar ƙafa ko rashin jin taɓi a tsakanin cinyoyi, fitsari ko bayan gida na kufcewa: wannan laka ce ke matse, sa'o'i ake ƙirgawa. Haka baki ya karkace ko hannu ya saki. Duk waɗannan a nufi babban asibiti mafi kusa, da kati ko babu.

Mun samu katin. Me zan riƙe ranar da za mu je, kuma in aka ce in biya fa?

Ka fara da asibitin da aka rubuta a katin, don su ne za su ba da takardar turawa zuwa babban asibiti, kuma ba tare da ita ba kana iya biya daga aljihunka. Ka riƙe katin, takardar NIN, da duk magungunan da yake sha a cikin ledarsu, har na gargajiya. Kwana 3 kafin tafiya ka rubuta a takarda sau nawa ya yi fitsari, yaushe yake kufcewa, dare ko rana, da tari ko haka kawai, da yawan abin da ya sha. Likita zai fi gane matsalar da wannan takarda fiye da "yana dai zuba". Ka ɗauki famfas na canji, zane da leda, don layi yakan yi tsawo.

Idan aka ce ka biya wani abu, ka tambaya cikin ladabi ko yana cikin abin da katin ke ɗauka, ka karɓi rasit. In ba ka gamsu ba, ka nemi jami'in da ke kula da masu kati a asibitin, sannan ofishin KSCHMA ko JICHMA, ko ofishin NHIA na jiha in katin na tarayya ne. Ka tafi da rasit ɗin da kwanan watan da abin ya faru.